Munduwar da Isuhu Ya Binne

Kwanakin baya wasu samari suka same ni a rumfa da waya a hannu, wai sun ga yadda ake tsufar da tagulla a gida. A zuba ruwan tsami na kwalba, a barbaɗa gishiri, a rufe a roba, gobe da safe ka tashi da kayan kakanni. Ɗayansu har tausaya mini yake yi, wai ashe abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai ke nan. Na karɓi zoben da suka gwada na duba. Kore shar, kamar an tsoma shi a miyar kuka, ina murzawa da babban yatsa launin ya biyo hannuna. Na ce su kai wa awaki, ƙila su lashe gishirin. To, samari, tunda kun dawo yau kun zauna, har da goro, sai ku ajiye wayar ku ji yadda aikin yake.

Ni maƙerin fari ne, mu ne na azurfa da tagulla, hauya da gatari kuwa na maƙeran baƙi ne. A Agiye na koyi aiki wurin kawuna Ɗan Jimo, wanda bai taɓa yaba wa kowa ba har ya koma ga Allah. Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai wata 'yar ƙararrawa ce. Na murza kakin zuma na fitar da siffarta, na lulluɓe da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, na shanya, na gasa har kakin ya tsiyaye ya bar gurbinsa. Sannan na narka tsofaffin kan famfo da kwaɗuna a gawayin ƙirya, ina zuga har kafaɗuna suka mutu, na zuba. Da na fasa yumɓun ta fito tana walƙiya, na kai masa ina washe baki. Ya juya ta ya ce yanzu dai na haife ta, saura in ba ta shekaru. Haka muke cewa a gidanmu, ba da shekaru, kuma ya fi zubin wuya nesa ba kusa ba.

Abin da wayarku ba ta gaya muku ba, tsohon abu ba ko'ina yake tsufa ba. Ku duba tasar kakarku in ba a sayar ba. Inda yatsu ke kamawa ya yi santsi yana haske, cikin zane kuwa baƙi ƙirin. Don haka kafin a zo maganar launi sai ka zauna ka tambayi kanka wa ya riƙe abin nan, da wane hannu, a ina yake ajiye shi. Sannan ka ɗauki magagari mai laushi da tankaɗaɗɗen rairayi da guntun fata, ka cinye wuraren da jiki zai cinye. Munduwa daga ciki take ci, inda take goga ƙashin hannu. Ƙararrawa daga kunne, inda igiya ke wasa. Na taɓa goge wata munduwa daidai wa daida ko'ina, kawu ya wurga ta cikin toka ya ce ko mace mai hannu huɗu ba za ta cinye ta haka ba.

In an gama wannan sai a wanke da toka da ruwan tsamiya, daga nan kuma yatsa ba ya sake taɓa aikin sai awartaki, don maiƙon hannu yana barin tabo. Ina da wani baƙin tulu a bayan ɗaki wanda maiɗakina Hajara ta hana a bi da shi ta gaban madafa. Fitsarin shanu ne a ciki wanda ya kwana biyu. A rataye aikin da zare daga baki kada ya taɓa ruwan, a liƙe da laka, tururin kaɗai ke aiki. In baƙi ake so sai farar wuta, ko a marmashe dafaffen ƙwai a rufe su tare. Daga nan sai hayaƙin murhu, a bar shi rataye yana shan abin da tukunya ke sha. Mataki na ƙarshe ƙasa ce. A naɗe aikin a tsumman da aka jiƙa da gishiri da kanwa, a sa a rami mai danshi kusa da turken awaki, a bar shi har sai ya nuna.

A wannan matakin kawu ya fi zafi. Tsumma baƙi ko shuɗi, ban da fari. Kuma ba a cewa an binne aiki, sai dai a ce an ajiye. Ya ce mai ajiya yana dawowa ya karɓi kayansa, abin da aka binne kuwa an riga an bayar. Ranar da bakina ya suɓuce ina yaro, da bayan awartaki ya gyara mini shi. Ni mutum ne mai salla, na ɗauki maganar irin ta tsofaffi ce, amma hannu da baki sun saba, na riƙe ta.

Masu sayen aikinmu iri-iri ne. Akwai dillalan Maraɗi masu kai wa Anasara, da masu otel da ke son abin ratayewa a bango, da ma'aikatan furoje na ƙungiyoyin agaji in za su koma ƙasarsu. Ni dai kowa na gaya masa aikin hannuna ne, abin da dillali zai faɗa a gaba kuma tsakaninsa da Ubangijinsa. Wata rana na zauna da tasoshi biyu a gabana. Ɗaya wata mata ta kawo, ta kakarta, tana so in goge ta ta koma sabuwa don kayan ɗakin 'yarta. Ɗayar kuma sabuwa fil, dillali yana so ta koma ta kaka. Na ce musu da za su yi musaya da sun hutar da ni. Matar ta ce ita ba ta son ta baƙo, dillalin ya ce ta gaskiyar ba ta yi tsufan da Anasara ke so ba.

Na riga na dawo nan Gazawa da zama lokacin da muguwar shekarar nan ta zo. Hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, Anasara suka ɗauke ƙafa, dillalai suka daina kira. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke hatsi yana ciki. Na koma liƙin tukwane da gyaran ƙarafan moto, wato babur, don a samu na tuwo. Abin da ya fi ci mini rai, mutane suka riƙa fito da kayan gado na gaskiya suna sayarwa. Na ga mundayen da hannuna ba zai iya kwaikwayo ba an ɗora su a sikeli kamar albasa. Waɗanda dillalai suka kwashe sun ƙetare, sauran sun shiga wuta.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne bayan wannan, da bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Wani mutum ya yi sallama, ya ce sunansa Isuhu, daga wani ƙauye kusa da Tibiri ta wajen Gidan Rumji. Magidanci ne, yana fataucin kaya a moto tsakanin nan da ƙetaren iyaka. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya shiga magana. A gidansu akwai wata munduwa ta kakar kakarsu. Al'adar gidan, in ruwan shuka ya kusa, babbar mace ta gida takan sa ta cikin ƙwaryar iri su kwana tare, sannan a fita gona. Sauran shekara tana naɗe a ƙyalle a cikin rumbu. A muguwar shekarar, da rumbun ya zama ba komai a ciki sai ita, Isuhu ya kai ta Maraɗi ya dawo da hatsi. Shukar da ta biyo baya mahaifiyarsa tana kwance gidan likita ana fama da idanunta, ya ce mata ya sa munduwar a iri da kansa. Yanzu ta dawo gida, idon ya tafi gaba ɗaya, jiki ya yi rauni, ta ce bana da hannunta za ta sa. Ya koma wurin dillalin, aka ce masa munduwa ta daɗe da hawa jirgi, amma akwai wani tsoho a Gazawa.

Ya ce, "Baba, ba hwaɗa nika tsoro ba. Inna ta kusa. In ta tahi da hushina, ni ina zan sa kaina?"

Na gaya masa yaudarar mai ido ta fi sauƙi, don makauniya da yatsa da hanci take dubawa. Ya zana mini siffarta a ƙasa, murɗaɗɗiya ce mai kai biyu kamar kan albasa, ya gwada mini kaurinta da yatsunsa. Na tambaye shi ko tana da wani tabo ko tsaga, ya ce bai ga komai ba, sau ɗaya ma ya taɓa ganin ta a buɗe, ranar da ya sayar. Sai ya ciro wani farin ƙyalle daga aljihu, saƙar hannu, ya ɗan yi ja saboda ajiya. Ya ce a ciki take zama. Na ji daɗin wannan, na ce in an gama komai za mu naɗe ta a ciki ta ɗauki ƙanshin gidansu.

Ban taɓa zuba wa aiki hankali kamar wannan ba. Na zuba ta, na cinye cikinta da fata har ta yi sulɓi, babu ko ƙwarzane. Ta sha tulu, ta sha farar wuta, ta sha hayaƙin Hajara. Ranar da za ta shiga ƙasa Isuhu ya biyo ta nan da hantsi zai wuce kasuwa, ya ce yana so ya gani. Na haƙa ramin, na ajiye munduwar a kan murfin tukunya, na shiga gida ɗebo ruwan kanwa da baƙin tsummana. Hajara ta tsayar da ni da wata magana ta maƙwabta. Ina fitowa na tarar ya riga ya rufe ramin. Yana tsugune yana daddaɓe ƙasar da tafin hannu, ya tayar da ita 'yar tudu, sai ya karkaɗe hannuwansa ya shafa a fuska.

"To, mun binne ta. Allah shi jiƙan musulmi."

Ba da wata manufa ya faɗa ba. Mutum ne da ya saba zuwa maƙabarta, hannunsa ya taɓa ƙasa, bakinsa ya bi. Na tambaye shi a me ya naɗe ta, ya ce a ƙyallen, ai ni na ce za ta ɗauki ƙanshi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zazzaga masa abin da ban taɓa gaya wa mai kawo aiki ba. Na so in tono ta nan take, sai dai aiki in ya shiga ƙasa aka dame shi da wuri launinsa kan yi dabbare-dabbare, ga shi hadari yana matsowa, babu lokacin sake wata. Na kwarara ruwan gishiri da kanwar a kan tudun har ya jiƙe sharkaf, na ce da ƙasar wannan ajiya ce ba binnewa ba, da ƙarfi, kamar mai gyara wa kurma magana. Awakin Hajara da suka saba kwanciya a wurin saboda sanyi, daga ranar suka koma ɗaya gefen turken.

Da lokaci ya yi na tona da safe, rana ta fito sarai. Na fara da hauya, da na kusa na koma da hannu. Ga munduwa kwance tsirara. Ƙyalle babu, ko zare. Kuna iya cewa gara ce, ni ma haka na ce da kaina, amma tun ina yaro nake sa tsumma a ƙasa mai gishiri, ban taɓa ganin gara ta kusance shi ba. Na wanke ta na duba. Launin ya yi kyau fiye da duk abin da na taɓa fitarwa, baƙi-baƙi mai ɗan kore a cikin murɗi. Sai yatsana ya faɗa wani rami daga ciki, kusa da kai ɗaya. Lotsawa ce, kamar an buga ta da dutse. Na ce bakin hauyata ne. Sai dai sabon sara a tagulla ja yake fitowa yana ƙyalli, bakinsa da kaifi. Wannan cikinsa baƙi ne, gefensa ya cinye ya yi santsi, irin cin da ni kaina sai na daɗe da fata kafin in samu. Na juya ta na ga ɗan ƙurjin da zubina ya bari a ƙarƙashin ɗaya kan, wanda na sani kamar tafin hannuna. Tawa ce, ba a musanya ba.

Da Isuhu ya ga lotsawar ya ce na kashe shi, yanzu tana taɓawa za ta gane. Ya roƙe ni in raka shi, ko ba komai in tsaya kusa. Ni ma ina so in ji ƙarshen abin. Muka shiga taksi ta Agiye zuwa Maraɗi, muka wuce Tibiri, daga nan muka hau moto. Ya gabatar da ni a matsayin abokin kasuwa da ya zo dubiya.

Tsohuwar tana zaune a tabarma a inuwar rumbu, an jingina ta da turmi, ga ƙwaryar iri a gabanta. 'Yar ƙarama ce, ta ƙanjame, idanun fari fat. Matan gida da ƙannen Isuhu suna tsaye. Na gaishe ta, ta amsa tana juya kunne wajena. Isuhu ya durƙusa ya sa mata munduwar a hannu. Ba ta bi murɗin ba, ba ta auna nauyi ba. Yatsanta ya tafi kai tsaye ciki, kusa da kai, ya zauna cikin lotsawar.

"Ita ta," in ji ta. Ta gaya wa jikokinta nan ne kaka ta buga hannu a bakin rijiya ranar da guga ya ja ta, tun ita ba a haife ta ba, uwar mijinta ce ta nuna mata.

Ban iya duban Isuhu ba. Ta ɗaga munduwar ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa. Ta ce wannan ba ƙanshin rumbu ba ne, ƙanshin rami ne. Ta tambayi ƙyallen. Ya ce gara ta ci. Sai kawai ya kifa goshinsa a kan tabarmar ya faɗi komai a gaban kowa, da sayarwar, da ƙaryar bara, da ni, da ramin, har da addu'ar da ya yi a kai. Na zaci gidan zai kama da wuta. Tsohuwar ta bari ya gama, ta lalubo kansa ta dafa. Ta ce hatsin da ya kawo a shekarar ita ma ta ci, jikokinta sun ci, babu wanda aka kai maƙabarta daga gidan nan. Maganar maƙeri kuwa, ta ce, ita ba ta san wani maƙeri ba, munduwarsu ga ta a hannunta, duk wanda ya saya ya duba abin da ke wurinsa. Ta yafe masa duniya da lahira, ta sa masa albarka da ƙarfi yadda ƙannensa za su ji. Na ga mutumin nan ya saki numfashi kamar an sauke masa buhu.

Sannan ta juyo da fararen idanun nan wajena, ta tambaye ni a hankali ko da gaske ko zare bai saura ba. Na ce ko zare, Inna.

"To. Wanga ƙyalle gehen likkahwanina na. Da maigidana ya mutu, ni na yago daga wanda na aje ma kaina." Ta sa munduwar cikin ƙwaryar iri ta rufe da faifai. "Tunda ƙyallen ya riga ni shiga ƙasa, kuma an yi mishi addu'a, ku yi shuka da wuri. Ba ni ganin noman hwari."

Wata daga cikin matan ta ce haba Inna, tsohuwar ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Ruwan shuka ya sauka a makon, suka yi shuka. Hatsi bai kai a sa masa hauya ba Isuhu ya kira ni ya ce Inna ta cika, da rana tsaka, tana zaune a inda na bar ta. Tsohuwa ce, ba ta da lafiya, kowa ya san ta kusa, na gaya masa haka, limaminsu ma ya gaya masa, ajali ba ya bin ƙyalle. Ya ce ya sani. Albarkar da ya zo nema ya same ta cikakkiya a gaban shaidu, kuma gonarsu ta yi kyau a shekarar.

Amma har yau in fatauci ya biyo da shi Gazawa sai ya jingine motonsa a ƙofar gidana. Mu gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce in ba shi izini ya zagaya baya. Hajara ta daina tambaya, kwashe awakinta kawai take yi. Sai ya tsuguna a wurin ramin ya tona da hannu, yana murza ƙasar tsakanin yatsunsa a hankali, yana ɗagawa a rana yana dubawa. Ya ce mini in ya samu ko guntun zare ne, ya san gara ce ta ci saura, ya huta. Ramin yanzu ya kai gwiwa, ya faɗaɗa har gindin katanga. Bai samu ba tukuna.